Sharhi: Tambarin i7 ba ya buga wasa, ga abin da ke jiran mai neman kwamfutar gem a bana

Duk wanda ya leƙa shagunan kwamfuta a Yamai, Maraɗi ko Damagaram a ƴan watannin nan zai tarar da kantoci cike da laftof ƴan gwanjo, tsaf-tsaf da su, baƙaƙe da masu ruwan toka, kowace da ɗan tambari mai sheƙi kusa da madannai an rubuta Core i7. Idan matashi ya ce yana neman wadda za ta ɗauki gem, kusan amsa ɗaya yake samu ko'ina: wannan i7 ce, babu abin da ba za ta buɗe ba. Da wannan magana ake raba samari da jikkunan da suka daɗe suna tarawa, ko waɗanda wani yaya ya aiko daga Aljeriya, Libiya ko Faransa bayan ya ci baƙar wuya kafin ya haɗa su.

Wannan ciniki ba sabo ba ne. Abin da ya sa ya cancanci a sake duba shi yanzu shi ne abubuwa biyu da suka faru nesa da mu a ƙarshen 2025, waɗanda kasuwarmu za ta ɗanɗana a bana. Ɗaya zai ƙara yawan tsofaffin kwamfutoci a kanta, ɗayan zai ƙara wa sababbi tsada. Mai saye yana tsakiya.

Na farko, a ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta ga kowa. An bar wata ƙofa ta ƙarin shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista, ita ma za ta rufe a Oktoban 2026. Windows 11 kuwa ba ya maraba da tsofaffin na'urori: a hukumance yana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko takwararta ta AMD, tare da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Bankuna, ma'aikatu da makarantu a Turai da Amurka ba sa riƙe na'urar da aka daina aiko mata gyaran tsaro. Tattarawa suke yi su sayar wa dillalai jimla, kuma kowa ya san hanyar da irin wannan kaya yake bi: Dubai, Lome, Legas, Kano, daga nan sai kantocinmu. Da yawa daga cikinsu i7 ne na gaskiya, ba ƙarya aka yi ba. Sai dai i7 ne na 2015 ko 2016, waɗanda aka ƙera don rubuta wasiƙa da lissafin ofis.

Na biyu shi ne tsadar ram. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan ram ɗin duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Da manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka buɗe baki suna neman ram ba adadi, kuma suna biya da tsoka, masana'antun suka juya musu akala. A watannin ƙarshe na 2025 farashin sandar ram ta DDR5 ya ninka a kasuwannin Turai da Amurka, wani wurin ma ya haura haka. A Disamba kamfanin Micron ya sanar da cewa zai rufe Crucial, sunan da ya shafe kusan shekara talatin yana sayar wa talakawan masu kwamfuta ram da SSD da shi. Laftof ɗin gem tana cin ram ta fuska biyu, na jikinta da na katin hotonta, sannan ga SSD. Duk inda farashin waɗannan ya tashi, ita ma sai ta bi.

A sa wannan a ma'aunin aljihunmu. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, wato laftof ta yuro 1000, wadda a Turai matsakaiciya ce kawai a fagen gem, ta kai kusan jika 656 tun kafin a yi maganar jirgi, duwan da ribar ɗan kasuwa. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024. Ke nan wannan na'ura ta haura albashin wata goma sha biyar na ƙaramin ma'aikaci. Ga kuma hanya ta yi tsawo: tun 2023 iyakar Gaya da Benin take a rufe, kayan da a da ke saukowa daga tashar Kwatano yanzu sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso. Wanda zai kashe irin wannan kuɗi bai kamata ya yi cinikin biri a sama ba.

Katin hoto ne ke wasa

Ni kaina an taɓa yi mini. Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jarida na sayi wata i7 a wani shago, da niyyar in riƙa haɗa bidiyon rahotanni da rana, in buga ƙwallo da dare. Na kai ta gida ina jin na fi kowa. Da aka sa wasan, ƴan wasa suka riƙa tafiya kamar waɗanda aka ɗaure wa dutse a ƙafa, fanka tana kuka, madannai sun yi zafi. Sai daga baya wani abokin karatu ya nuna mini lambar da ke bayan sunan: 6600U. Zubi na 6, ƙwayoyin aiki biyu kacal, kuma babu katin hoto na daban ko kaɗan. Mai shagon bai yi mini ƙarya ba. Ni ne ban san tambayar da zan yi ba.

Ga yadda abin yake. Furosesa ita ce mai tsara aiki, amma zana hoton da kake gani a allo, sau 60 ko fiye a kowace daƙiƙa, aikin katin hoto ne, wanda ƴan kasuwa ke ce wa kart girafik. Kwamfutar ofis tana da ɗan ƙaramin mai zana hoto a cikin furosesar kanta, shi ne za ka ga an rubuta Intel HD, UHD ko Iris Xe. Ya isa kallon fim da tsofaffin wasanni, amma ba shi da ram nasa, aro yake yi daga na kwamfutar. Laftof ɗin gem kuwa tana da guntu na biyu mai zaman kansa, galibi GeForce na Nvidia, wani lokaci Radeon na AMD, da ram ɗinsa na kansa. Abin da ya sa wannan ya fi komai muhimmanci shi ne, a laftof an liƙe katin hoto da dalma a jikin allon na'urar. Ram ana iya ƙarawa a yawancinsu, SSD ana iya sauyawa, batir ma haka. Katin da ka saya kuwa da shi za ka zauna har ranar da kwamfutar ta mutu.

Kuma ba kowane tambarin Nvidia ne na gem ba. Akwai jerin MX, irin su MX150, MX250 da MX350, da ake sa wa siraran kwamfutocin ofis. Ana yawan nuna wa mai saye koren tambarinsu a ce ai tana da Nvidia. Tana da shi, amma ɗan tayi ne.

Sunan furosesar ma karanta shi ake yi har ƙarshe. Lambobin farko bayan i5 ko i7 su ne zubi, wato jenerasiyo a bakin ƴan kasuwa, harafin ƙarshe kuma shi ne halinta. U na nufin mai tsimin wuta, ta ofis. H ko HX na nufin mai ƙarfi, wadda aka yi don aiki mai nauyi. Shi ya sa i5-12450H mai ƙwayoyi takwas ta yi wa i7-7500U mai ƙwayoyi biyu fintinkau, duk da cewa a kunnen wanda bai sani ba bakwai ta fi biyar. Idan kuɗi bai isa a haɗa babbar furosesa da babban kati ba, a rage a furosesa. Core i5 ko Ryzen 5 na zubin baya-bayan nan tare da kati mai kyau sun fi i7 ko i9 da kati mai rauni, nesa ba kusa ba.

To wane kati? Ya danganta da wasan. Mafi yawan samarinmu ƙwallo suke so, da GTA V. EA Sports FC 25 yana neman aƙalla GTX 1050 Ti da ram giga 8, kamfanin kuma ya ba da shawarar GTX 1660 da giga 12, sai fili giga 100. Wanda iyakarsa ke nan, ƴar gwanjo mai GTX 1660 Ti, RTX 2060 ko RTX 3050 za ta fitar da shi kunya. GTX 1650 mai giga 4, wadda ta cika kasuwa, tana buɗe waɗannan wasanni amma ta fara tsufa, tun 2019 take. Sai dai sababbin wasanni sun fara rufe ƙofa gaba ɗaya. Indiana Jones and the Great Circle da ya fito a Disamban 2024, da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025, dukansu suna neman kati mai giga 8 wanda ya iya sabuwar dabarar lissafin haske, abin da jerin GTX ba su da shi. A nan ba maganar wasa ya yi nauyi ake ba, ƙin tashi yake yi. RTX 4050 da RTX 3060 na laftof giga 6 gare su, RTX 4060, 5050 da 5060 giga 8. A ra'ayina, duk wanda zai sayi sabuwa a bana da niyyar ta kai shi shekara huɗu, kada ya sauko ƙasa da giga 8 a kati.

Akwai wani tarko kuma da ko masu shagon da yawa ba su san da shi ba. Kwamfutoci biyu suna iya ɗaukar suna ɗaya, RTX 4060, amma ƙarfinsu ya bambanta sosai, domin Nvidia ta bar wa masu ƙera laftof zaɓin wutar da za su ba katin, daga wat 35 har zuwa 115, da ɗan ƙari da ke iya kai shi 140. MSI Cyborg 15 tana ba nata wat 45, Asus TUF A15 ta 2023 tana kai nata 140. Suna ɗaya a kwali, amma ɗaya doki ne da aka ƙoshar, ɗaya an rage masa harawa. Ba laifi ba ne a sayi mai ƙarancin wat, tana da sauƙin nauyi kuma ba ta cin wuta sosai, amma kada a biya kuɗin babba a kanta. Haka kuma katin laftof ba ɗaya yake da mai irin sunansa na kwamfutar tebur ba. RTX 3060 na tebur giga 12 ne, na laftof 6. Wanda ya kalli bidiyon gwaji a YouTube ya tabbatar na laftof ake gwadawa.

Game da ram, shawarar da aka saba bayarwa ta juye. A da akan ce ka sayi mai giga 8, daga baya ka ƙara sanda ɗaya da ɗan kuɗi kaɗan. Yanzu wannan sandar ce ta yi tsada. Gara a nemi wadda ta zo da giga 16 tun daga kwali, musamman cikin kayan da suka shigo kafin farashi ya tashi. Kuma tunda ram ya zama abin nema, ba abin mamaki ba ne a fara zare sanda ɗaya daga ƴan gwanjo a sayar daban. A duba da ido.

Abin da kwalin bai faɗa ba

Duk waɗannan lambobi an auna su ne a ɗakuna masu sanyi. Masu ƙera laftof galibi suna rubuta cewa a yi aiki da ita a zafin da bai wuce digiri 35 ba. A Yamai, Tawa ko Birnin Ƙonni, watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40 kusan kullum, wata rana ya taɓa 45, kuma ɗakin kwano da la'asar ba sai an faɗa ba. Guntun da ke cikin na'urar idan ya kusanci digiri 100 yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Abin da mai wasa ke gani shi ne minti goma na farko komai lafiya, daga nan hoto ya fara tsinkewa. Sai ya zargi wasan, ko ya ce an sayar masa da jabu, alhali zafi ne.

Saboda haka a ƙasarmu kaurin laftof ba aibi ba ne. Siririya mai kyan gani, wadda ake yayi a Turai, ita ce ta fi saurin galabaita a nan. Mai kauri, mai fanka biyu da manyan ƙofofin iska a baya da gefe, ita ce ta dace da mu, ko da ɗaukarta a jaka ya zame aiki. Sannan ga ƙurar hunturu. Fankar laftof ɗin gem tana zuƙar iska ba ƙaƙƙautawa, duk ƙurar da ke ɗaki a ciki take taruwa har ta toshe ƙarfen sanyaya kamar auduga. Wanda ya saya ya sa a ransa cewa aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan hunturu kafin bazara, sai an buɗe an share, lokaci-lokaci kuma a sauya man da ke tsakanin guntu da ƙarfen. Wannan ma dalili ne na zaɓen samfurin da masu gyaranmu suka saba da shi. HP Victus, Lenovo LOQ da Legion, Acer Nitro, Asus TUF da Dell G15 sun yaɗu a duniya, samun fankarsu ko cajarsu a Kano ko Legas ya fi sauƙi a kan wani baƙon suna da babu mai irinsa a gari. Ɗora ta a kan katifa ko darduma ana wasa kuwa, shaƙe ta ne kawai.

Sai wuta. Cajar kwamfutar ofis wat 45 zuwa 65 ce. Ta gem tana farawa daga wajen 150, manya suna haura 300. Awa biyar na wasa a wat 200 kilowat ɗaya ke nan a mita. Mai ƙaramin sola na fitila da cajin waya ya san ba za ta ɗauka ba. Wasu suna cewa ai laftof tana da batir, ko an ɗauke wuta wasa bai tsaya ba. Gaskiya ne ba za ta mutu nan take ba, kuma wannan babbar fa'ida ce a kan kwamfutar tebur. Amma da zarar an zare caja katin hoto yana rage ƙarfinsa sosai, batir ɗin kuma da wuya ya wuce awa ɗaya ko biyu ana wasa. Mun kuma san halin da muke ciki. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa, Yamai ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa. An yanke ta a Agustan 2023, aka maido a Maris na 2024, sannan a 2025 hukumomi suka bayyana cewa abin da ake samu ya sauko daga megawat 80 zuwa 46. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafi, amma kowa ya san yadda bazara take. Ba ɗaukewar ce ma ta fi kashe kaya ba, dawowar ce, lokacin da wuta ta shigo da ƙarfi. Wanda ya iya sayen na'urar jika 600 ya ware kuɗin na'urar daidaita wuta, kuma ya guji cajar jabu. Cajar da ba ta kai wat ɗin da kwamfutar ke nema ba tana sa batir ya riƙa sauka ko da an jona.

Intanet ma yana cikin lissafi, ko da yake ba laifin kwamfutar ba ne. Wasa ɗaya giga 100, kuma sabuntawa ba ta ƙarewa. Da ɗan fakitin Airtel, Moov ko Zamani na waya ba za a je ko'ina ba, shi ya sa kwafar wasa daga faifan aboki ta zama al'ada, tare da ƙwayoyin cutar da ke biyo ta. Shigowar Starlink a Maris na 2025 ta sauƙaƙa wa masu hali da waɗanda ke haɗa kuɗi a unguwa. Amma mai son karawa da mutane ta intanet ya sani cewa jinkirin da yake gani sau da yawa nisan na'urorin kamfanin wasan ne, waɗanda galibinsu suna wasu nahiyoyi. Babu katin da ke maganin wannan. Tsohuwar kwamfuta kuma tana da wata matsalar a nan: Battlefield 6 da Call of Duty: Black Ops 7, da suka fito a ƙarshen 2025, suna neman a kunna matakan tsaro na TPM 2.0 da Secure Boot don hana maguɗi. Na'urar da aka yi wa dabara aka cusa mata Windows 11 ba tare da ta cancanta ba tana iya tsayawa a bakin ƙofa.

Ga ƴan uwa da ke waje

Yawancin laftof masu kyau da ke hannun samarinmu wani ne ya aiko ko ya riƙo. Ga mai aikowa, tambayar farko ba nawa ba ce, me za a yi da ita. Ƙane zai ce gem, ko ya ɓoye ya ce karatu. Sau da yawa duka biyun gaskiya ne. Katin da ke buga wasa shi ne ke tafiyar da AutoCAD da Blender ga ɗalibin EMIG ko na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shi ne kuma ke haɗa bidiyon biki da na talla a Premiere ko DaVinci Resolve, sana'ar da matasa da dama ke ci da ita yanzu. Iyayen da ke ganin kwamfutar gem ɓarnar kuɗi ce suna da hujjarsu idan yaro ya kwana yana wasa ya bar lakkol, amma ita na'urar kayan aiki ce.

Wanda ya saya a Faransa ko Beljiyam madannan AZERTY zai samu, irin wanda muka saba da shi a ofis. Na Amurka, Dubai da Najeriya QWERTY ne. Wasanni da yawa an tsara tafiyarsu a kan W, A, S, D, a AZERTY sai su koma Z, Q, S, D. Ana gyarawa cikin minti ɗaya, ba abin fasa ciniki ba ne, amma ɗalibin da zai rubuta kundinsa da Faransanci zai fi jin daɗin AZERTY saboda haruffa masu alama. Cajar Amurka tana karɓar wutarmu ta 220, bakin filogin kawai za a sauya. A jirgi kuma a riƙe ta a jakar hannu. Dokar jiragen sama ta sa iyakar batir a wat-awa 100, shi ya sa manyan laftof ke tsayawa a 99 da ɗoriya.

Garanti ne inda ake yawan yaudarar kai. A Faransa doka ta ba mai saye shekara biyu, amma takardar ba ta da amfani idan na'urar tana Tasawa, shagon yana Liyon, kuma tun 2023 babu jirgin Air France da ke sauka Yamai. Abin da ya fi shi ne mai saye ya buɗe ta a can, ya yi sati biyu yana gasa ta da wasa mai nauyi, in akwai aibi ya bayyana tun ana iya mayarwa. Aiko ta a naɗe cikin leda don ƙane ya ji daɗin ɓarewa da kansa, daɗi ne na minti biyar.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi kafin duk wannan: laftof ɗin ake buƙata? Wanda wasa kaɗai yake so, ba karatu ba sana'a, PlayStation ta fi masa araha, ko da PS4 ce ta hannu, kuma masu gyaranta sun fi yawa saboda gidajen gem da ke kowace unguwa. Masu tara kuɗi saboda GTA VI su lura: Rockstar ta ɗage shi zuwa 19 ga Nuwamban 2026, kuma PS5 da Xbox Series kaɗai aka ambata, ba a sa ranar na kwamfuta ba. GTA V ya fito a 2013, sai 2015 ya iso kwamfuta. Wanda kuma ba ya yawo da na'urarsa kuma yana da tsayayyar wuta, kwamfutar tebur ta fi ba da ƙarfi a kuɗi ɗaya, ta fi jure zafi, kuma ana sauya mata kati.

A jira farashi ya sauko, ko a saya yanzu? Gina sabuwar masana'antar ram shekaru yake ɗauka, ba watanni ba, don haka ban ga alamar sauƙi nan kusa ba. Wanda ke da kuɗi a hannu kuma ya samu RTX 4060 ta 2023 ko 2024 mai giga 16 a tsohon farashi, ban ga dalilin jiran jerin 50 ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba kuma, gara ya ci gaba da Free Fire a waya yana tarawa, da ya zuba rabin kuɗin a i7 ta ofis da ba za ta yi abin da yake so ba, kuma ba za ta sayu da daraja ba idan Windows 10 ya gama rufewa.

Idan an zo shago, kada a tsaya a tambari, domin tambari ana sayar da shi ana liƙawa. A danna Ctrl, Shift da Esc tare, a shiga shafin da ke nuna aikin na'ura. A nan cikakken sunan furosesa yake, da yawan ram da ramukan da aka cika, da sunan katin hoto da gigarsa. In Intel kaɗai aka gani a wurin kati, magana ta ƙare. Manhajar Nvidia da ke cikin kwamfutar tana nuna iyakar wat ɗin katin a shafin bayanan na'ura. Ƙaramar manhaja irin CrystalDiskInfo, wadda za ka iya zuwa da ita a kile, tana faɗin awa nawa faifan ya yi yana aiki, ita ce ke tona asirin wadda aka ce sabuwa ce fil. A rubuta powercfg /batteryreport a ga abin da ya rage na batir. A shiga BIOS a tabbatar babu kalmar sirrin wani kamfani a kai, domin wasu ƴan gwanjon suna zuwa a kulle da sunan tsohuwar ma'aikatarsu. A duba cajar, ta asali ce, wat nawa aka rubuta a bayanta.

Daga nan sai a sa wasa mai nauyi a bar shi rabin awa cur, da rana, a cikin shagon, ba tare da an juyo mata fankar mai shago ba. A saurari kukan fankokinta biyu, a lura ko hoton ya fara tsinkewa bayan minti goma sha biyar. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa zai ba ka kujera. A kuma nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin da aka amince za a iya dawo da ita, a rubuce, da sa hannu.